Taku Talatin na Namadi Masaƙi

A gyara zama, a rage muryar rediyo, masu tauna goro su dakata tukuna. Ga Namadi ɗan Lado, Sarkin Masaƙan Ƙauran Namoda da kewaye, mai mulki tun daga gindin tsamiya har bangon Alhaji Sodangi! Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma mai iya tuɓe shi, domin shi ne sarkin, shi ne wazirin, shi ne talakawan gaba ɗaya. Masaƙi ɗaya tal ya rage mana a wannan ɓangare na gari, to wa zai ja da shi?

Ranar da na fara yi masa wannan kirari ko kai bai ɗaga ba. Ƙoshiyar saƙa ta wuce dama, ta dawo hagu, sannan ya ce, "Sirajo, in ba ka da aikin yi, tahi ka yi rashin aikinka can nesa."

Ni jikan ƙanwarsa ne, saboda haka akwai wasa tsakaninmu, ina faɗa masa abin da 'ya'yansa ba su isa su faɗa ba. Na yi boko har aji uku na sakandare, daga nan ni da makaranta muka rabu ba faɗa. Na taɓa kabu-kabu, na taɓa awo a kasuwar hatsi, na taɓa tallan kaset ɗin wa'azi, ba inda ƙafata ta zauna. Wuri guda da nake iya awa biyu ban motsa ba shi ne kan saiwar tsamiyar nan, ina kallon tsohon yana saƙa, ina tsokanarsa.

Wanda bai taɓa ganin masaƙar maza ba, ga yadda take. Turaku huɗu ne a kafe a ƙasa, masaƙi na zaune a tsakiyarsu, yatsun ƙafarsa na taka igiyoyi biyu, hannunsa na jefa ƙoshiya. Zaren tsaye kuwa miƙe yake a gabansa, doguwar hanya, har can inda aka naɗe sauransa a kan wani katako aka danne da dutse. Katakon nan shi ake kira kunkuru, saboda yadda yake rarrafowa. Masaƙi na saƙa yana naɗe abin da ya saƙa, kunkuru na matsowa. In ya zo kusa, dole a tashi, a ɗage dutsen, a warware zare, a ja katakon a mayar ƙarshen fili, a sake ɗora dutsen. Dutsen Namadi ya kai rabin buhun gero, bayan Namadi kuwa ya daɗe da yin murabus.

Filinsa taku talatin ne, da takunsa na tsoho. Da wannan tsawo, sau ɗaya a yini yake fama da dutsen, kuma ba a rasa mai wucewa da zai kama masa. Taku talatin ɗin nan su ne abin da ya sa har yanzu yake iya saƙa. Shi ya san haka, ni ma na sani, Alhaji Sodangi ma ya sani.

An haifi Namadi a Zurmi, a shekarar da ba wanda ya rubuta. Ya ce dai yana da wayo lokacin da ubansa Lado ya ɗora kayan saƙa a kan jaki suka nufo Ƙaura, don an ce jirgin ƙasa ya tara mutane, mutane kuma sai da abin rufa. Suka tarar da masaƙa goma sha tara a jere a wannan fili, Lado ya zama na ashirin. Auduga daga gonakin gari take, mata na kaɗi a cikin gida, maza na saƙa a waje. Ranar Alhamis a ɗaure gwaduna a kai kasuwar Shinkafi, Fulanin Jangeru da mutanen ƙetaren iyaka su kwashe kafin la'asar.

"Ashe kun sha daɗi, tsoho," na ce da shi.

"Wane daɗi? Baya na ciwo sannan, shina ciwo yanzu. Sai dai sannan akwai wanda za ka gaya ma, shi ma ya gaya maka nashi."

Daga baya bargon kanti ya shigo, mai laushi, mai hoton damisa. Bayansa gwanjo ya biyo. Masaƙan suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya: wani ya koma gona, wani dako a kasuwar hatsi, da yawa kuma maƙabarta. Shi kansa Namadi ya taɓa gudu sau ɗaya, bayan babban farin nan da ya kashe shanu. Ya yi rani guda yana ɗora dilar auduga a mota, sannan ya dawo ya zauna tsakanin turakunsa. Na tambaye shi dalili, ina jiran ya ce ƙaunar sana'ar iyaye ce ta jawo shi.

"Can ana busa usur ka tashi, a busa ka zauna," ya ce. "Nan ko ban da komi, ba mai busa min usur."

'Ya'yansa maza biyu ne. Abdulhadi na tuƙa babbar mota zuwa kudu, Kamilu na koyarwa a Islamiyya. Ba wanda ya koya wa saƙa a cikinsu, da gangan kuma. Masu saye ma sun ragu: dattawan Fulani da ba su yarda da bargo ba, sai tsofaffin mata masu aiko da zaren da suka kaɗa da hannunsu, a saƙa musu fari su ajiye a ƙarƙashin akwati saboda ranar da za a naɗe su a ciki. Shi ke nan. Da wannan yake ci, da 'yar gonar gero a hanyar Dauran.

Yanzu ga abin da ya tsare masa filin. A Ƙaura ta da, ba a ƙetare zaren masaƙi. Ana cewa namiji in ya ƙetara al'amuransa za su harɗe, mace mai ciki kuwa cibiya za ta naɗe wuyan ɗanta. Gara mutum ya zagaya ta bayan tsamiya ko da kaya a kansa. Wata rana na matsa masa.

"Tsoho, tsakaninka da Allah, abin nan gaskiya ne?"

Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya rage murya. "Awaki ba su jin magana, mutane ba su jin magana. Kakanninmu sunka ga awaki sai da sanda, mutane sai da tsoro. Kar in ji ta bakinka."

Da yamma yakan naɗe zarensa ya shiga da shi gida saboda raɓa, amma ba ya barin filin haka nan. Akwai abawa guda, wato zare mai kauri, da yake ɗaurewa daga turken masaƙa zuwa wani ƙaramin turke a ƙarshen fili. Rani da damina tana nan, ranar sallah tana nan. Ko da aka yi rasuwar wansa a Zurmi ya yi kwana bakwai can, abawar tana nan a miƙe, ba wanda ya taɓa.

Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, gari ya motsa. Ma'aikata suka ƙaru, babura suka ƙaru, duk wanda ke da ƙofar gida a bakin hanya ya fasa bango ya yi shago. A shekarar da ta biyo baya Alhaji Sodangi, dillalin hatsi mai motoci biyu, ya sayi filin daga hannun magadan gidan da ke da shi tun asali. Sayen halal, da shaidu, da takarda mai hatimi. Namadi ba shi da ko ƙyallen takarda. Ubansa ya zo ya tarar ana saƙa a nan, shi ma ya kafa turaku, iyakar hujjarsa ke nan.

Sai dai Alhaji Sodangi ɗan unguwar ne. Yana ɗan shekara bakwai ya taɓa tsallake zaren Lado da gudu, uwarsa ta kama shi a gaban jama'a ta yi masa dukan da har yau in ya ba da labarin sai ya shafa bayansa. Saboda haka duk bayan wata biyu ko uku sai ya zo, ya zagayo ta bayan tsamiya, ya durƙusa da babbar rigarsa.

"Baba Namadi, barka da aiki. Zaren ga yaushe za shi ƙarewa?"

"Ya kusa, Alhaji."

"To, in ya ƙare a yi min magana. Masu gini na jira."

"In Allah ya so."

Kafin zaren ya ƙare, Namadi ya riga ya ƙulla sabon zare a jikin wanda ke kai, tsinke-tsinke, yadda ba ranar da za a ce ga ƙarshensa. Shekara uku ana "ya kusa". Alhaji ya yi masa tayin rumfa a kasuwa, tsohon ya ce rumfa taku uku ce. Ya yi masa tayin gadin sito, tsohon ya ce barci yake da wuri.

Sai Shari'a ta zo. Gari ya cika da wa'azi, a masallaci, a rediyo, a kaset ɗin da ni kaina nake talla. A cikin abubuwan da aka yi ta jan kunne a kai har da camfi. Wata Juma'a bayan an sauko, wani matashin malami ya tsaya a filin da ɗalibansa, ya yi bayani cewa ba abin da ke cuta ko amfani sai da izinin Allah, sannan ya ɗaga ƙafa ya ƙetare zaren sau uku a gaban kowa. Na zaci tsohon zai tashi da sanda.

"Gaskiyarka, Malam, camfi ne," ya ce. "Sai dai tattara rigarka, tana ja min ƙasa bisa zare."

Daga ranar nan shinge ya faɗi. Yara suka mayar da zaren abin tsalle. 'Yan kabu-kabu masu yanke hanya suka tsinka abawar sau biyu, tsohon ya fito da asuba ya ƙulla. A duk unguwar, mutum ɗaya ya rage wanda bai iya ƙetarawa, kuma shi kaɗai ake bukata. Na ji Alhaji Sodangi da kunnena a teburin mai shayi yana cewa, "Na san camfi ne. Kaina ya sani, ƙahwata ce ba ta da labari. Kuma in sa leburori su yanke zaren tsoho, in bi ta ina cikin garin ga?"

To, da na bar abin haka, da wataƙila har yau ana "ya kusa". Amma ni mutum ne mai dabara, kuma dabara in ta zo mini ba ta barina in yi barci.

Na ji a rediyo cewa za a yi baje kolin sana'o'in gargajiya a Gusau, sabuwar jiha za ta nuna wa duniya cewa ita ma tana da asali. Nan take na ga hanya. In manya suka ga Namadi, suka ba shi takarda mai hatimi cewa shi kayan tarihi ne, ai takarda ta haɗu da takarda ke nan, Alhaji sai ya haƙura. Na sayi fallen takarda biyu, na zauna na zuba Turancin aji uku, inda ya ƙare na cike da Hausa. Na ce a Ƙaura akwai dattijon da ke riƙe da martabar Zamfarawa a yatsun ƙafarsa, in ya faɗi ta faɗi.

Abin mamaki, aka amsa. Wani Malam Abbati daga kwamitin shirya bikin ya zo da kansa, siriri mai tabarau da jakar takardu, ya zagaya masaƙar yana cewa "Ma sha Allah, ma sha Allah." Namadi ya ce ba ya zuwa. Kwana goma ina binsa, a fili, a zaure, a hanyar masallaci.

"Tsoho, za ka shiga talabijin."

"Ba ni da ita."

"Za a ba ka takardar da za ta tsare maka filin nan har jikokin jikoki."

Ƙoshiya ta tsaya. Wannan ne karo na farko da na ga maganata ta shige shi. Ya dubi ƙarshen filin, inda sawun babur ya yi hanya a ƙasa.

"In na tahi, ka bar ni in huta da bakinka?"

"Har abada."

"Kwana nawa?"

"Uku kacal."

Ya yarda, da sharaɗi ɗaya. Ya sa aka saro masa sababbin itatuwa huɗu, ya fere su da kansa, ya ce da su za a kafa masaƙa a Gusau. Tsofaffin turaku da abawa a bar su inda suke. Ya faɗa mini sau uku, na ce na ji sau uku.

Ranar tafiya, a-kori-kura ta zo da hantsi. Muka ɗaga tsohon muka sa shi a gaba kusa da direba, don hawa mota a wurinsa aiki ne, in ya zauna ba ya waiwaye. Muna ɗora kaya a baya sai Malam Abbati ya ga sababbin itatuwan, farare, har da ɗanyen ƙamshi.

"Waɗannan fa?"

"Turakun da za a kafa can ne."

"Haba! Wa zai kalli wannan ya ce gargajiya? Kamar an saro su jiya."

"Ai jiya aka saro su."

Ya nuna tsofaffin, baƙaƙe, masu sheƙi, inda hannun Lado da na Namadi suka goge su shekara da shekaru har suka yi santsi. "Waɗancan su ne tarihin. In ba su, manya za su wuce ba su tsaya ba."

Na tsaya ina tunani, tunanin da bai kai minti ɗaya ba. Kwana uku ne. Alhaji ma an ce ya tafi Shinkafi sayen gero. In manya ba su tsaya ba, ba takarda, in ba takarda me muka je yi? Na kama turke na farko na girgiza, ya ƙi. Sai da direba ya zo muka haɗu. Ƙasa ta riƙe su kamar haƙori, amma suka fito ɗaya bayan ɗaya. Abawar ta faɗi ƙasa tunda ba abin da ke riƙe da ita. Na ga in na bar ta awaki za su tauna, sai na naɗe ta tsaf a hannu na sa a aljihu, har ina yaba wa kaina da tsari.

A Gusau aka ba mu wuri tsakanin masu tukwane da wani maƙeri. Aka sauko da tsohon, ya miƙe baya da kyar, ya zagayo bayan mota. Yana ganin turakun ya tsaya. Ya sa hannu ya shafa gindin ɗaya, inda jar ƙasar Ƙaura ke manne har yanzu. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi.

"Abawar fa?" ya ce.

Na zaro ta daga aljihu na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya ta a tafin hannu, ya sa a nasa aljihun.

"Kahwa su, mu yi abin da ya kawo mu."

Kwana uku ya yi yana saƙa a gaban jama'a, bai ce mini ci kanka ba. Ni kuwa don in cike shirun sai na buɗe baki. Manya suka zo, da dogarai da masu hoto, wani mai babbar riga ya ɗaga gwado ya tambayi ma'anar layukan da ke jiki. Kafin tsohon ya motsa na riga na shiga.

"Ranka ya daɗe, farin nan shi ne zuciyar Bazamfare. Baƙin shi ne ƙasarmu ta noma. Wannan siririn ja da ya ratsa kuwa jinin kakanninmu ne da suka tsare ƙasar nan."

Aka yi ta gyaɗa kai, wani har yana rubutawa. Mai babbar rigar ya sunkuya wajen Namadi. "Baba, haka ne?"

"Jan zaren kaɗan ya rage," in ji Namadi. "Shi ya sa layin bai da hwaɗi."

Aka yi dariya, aka ce tsoho akwai barkwanci, aka yafa gwadon aka ɗauki hoto, aka wuce wajen maƙeri. A rana ta biyu na lura idonsa na bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Ashe wani masaƙin yake nema. Akwai guda daga wani gari na yamma, ya fi shi tsufa, jikokinsa suka kawo shi, hannunsa na rawa har ba ya iya jefa ƙoshiya, an dai zaunar da shi a masaƙar don a gani. Suka gaisa, suka zauna gefe guda kusan awa ɗaya. Na matsa in ji sirrin sana'a. Maganin ciwon baya suke tattaunawa.

A rana ta uku aka ba mu takardar. Mai kauri ce, da zanen ganye a gefe, da hatimi ja. Na karanta ta daga sama har ƙasa, na sake karantawa. An yaba wa Malam Namadi bisa gudummawarsa wajen raya al'adun gargajiya. Ba maganar fili a ciki, ko kalma ɗaya. Na je wajen Malam Abbati, ya ce su kwamitin biki ne, fili ba huruminsu ba ne, amma in rubuto, za a duba.

Da la'asar muka shigo Ƙaura. Tun daga kwanar unguwa na hango tulin yashi. Direba ya tsaya, don ba hanyar shiga. Inda zare ke miƙewa shekara sittin ko fiye, bulo ne a jere, sahu huɗu, an fitar da ɗakin shago shida, siminti bai gama bushewa ba. Leburori na wanke cebur.

Alhaji Sodangi na tsaye a wurin. Da ya ga an sauko da tsohon, sai ya taho da sauri ya durƙusa, kamar yadda ya saba.

"Baba, sannu da hanya. Wallahi ban ƙetare ba, ban kuma sa an yanke ba. Na dawo daga Shinkafi na ishe hili ba zare, ba masaƙa, sai ramu huɗu. Na ce to, Baba ya ƙare ke nan."

"Haka ka ishe," in ji Namadi.

"Na tambaya anka ce an kwashe ka da mota, gwamnati ta ɗauke ka."

"Ta ɗauke ni. Ta maido ni."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya nuna wajen tsamiya. "Na ce da masu gini su tsaya daga can. Gindin icen na bar maka, har iyakar ranka. Ba mai taɓa ka."

"Allah shi saka, Alhaji. Hilinka ne."

Ni ne na fara ɗaga murya, ina zaro takarda ina cewa wannan dattijo kayan tarihi ne, manya sun shaida. Tsohon ya dube ni sau ɗaya, na mayar da takardar cikin riga. Ya tafi gindin tsamiya, ya sa diddige a bakin tsohon ramin turke, ya fara takawa zuwa sabon bangon, a hankali, leɓensa na motsi. Taku tara. Ya juyo ya sake takawa, ko za su ƙaru. Tara ne dai.

Washegari ya mayar da turakun cikin ramukansu, ya danna ƙasa da ƙafa. Bai nemi in taya shi ba, ni ma ban iya matsawa ba sai da ya gama.

Yanzu shekara guda ke nan. Shagunan sun buɗe: mai kayan babur, mai ɗinki, mai sayar da katifa da barguna, har da mai hoton damisa a rataye a ƙofa. Namadi na saƙa a taku taransa. Kunkuru ba ya yin nisa, kafin azahar ya iso, kafin la'asar ya sake isowa. Sau uku a yini ake fama da dutsen, kuma masu wucewa yanzu a kan babur suke, ba mai tsayawa. In ina nan ina ɗaga masa. In ba na nan, sai ya zauna hannu a gwiwa yana jira, wani lokaci rabin yini. Gwadon da yake gamawa a mako yanzu sai ya ci mako uku. Wani dattijon Bafulatani daga Jangeru ya zo sau biyu bai samu nasa ba, a na uku ya tsallaka shagon da ke kusa. Tsofaffin matan ne kawai ba su fasa ba, sai dai ɗaya ta aiko a gaya masa ya yi sauri, ita ba ta da tabbacin za ta iya jira.

Takardar yabon tana zaure, an soke ta a jikin azara, ƙuda sun yi mata ɗigo-ɗigo.

Makon jiya wata dabara ta zo mini. Na je na same shi, na ɗaga masa dutsen tukuna don in sami fuska, na zauna a kan saiwar tsamiya.

"Tsoho, na yi tunani. Wancan karon kuskurena shi ne na rubuta wa ƙananan mutane. Yanzu sama zan nufa kai tsaye. Zan rubuta tarihinka kaf, tun daga jakin Lado har yau, in haɗa da hoton Gusau. Zan ce musu asalin Zamfarawa na nan a matse tsakanin tsamiya da shagon katifa. Wallahi sai sun ba ka fili taku ɗari, da rumfar kwano, da allo mai sunanka. Ɗalibai za su riƙa zuwa daga kwaleji suna kallonka. Ka ba ni izini kawai, gobe takarda ta kama hanya."

Ya jefa ƙoshiya, ta je, ta dawo. Ya sake jefawa. Ya tsaya ya ƙulla wani zare da ya tsinke, ya ciji bakinsa, ya tofar.

"Takardarka ta hwarko ta ci min taku ashirin da ɗaya," ya ce. "Saura tara. Bar min su."